Yadda Ake Daidaita Haraji Da Kuɗin Fansho Idan Kana Wa Kamfani Aiki Daga Wata Ƙasa

Kamfanin da kake wa aiki yana wata ƙasa, albashinka yana shiga bankin can, kai kuma ka ɗauki kwamfutarka ka koma wata ƙasar da zama, na wata uku ne ko na shekara. Aikin bai canza ba, shugabanka bai canza ba, sai zuciya ta raya maka cewa harajinka ma bai canza ba. "Ai a can ake cire mini, me ya haɗa ni da hukumar nan?" Wannan maganar ta jefa masu aiki ta intanet da yawa cikin tara da bashin haraji.

Abin da ya haɗa ka da hukumar nan shi ne kujerar da kake zaune a kai. A dokokin yawancin ƙasashe, aiki an yi shi ne a wurin da ma'aikaci yake da jikinsa lokacin da yake yin sa. Inda kamfani ya yi rajista, da bankin da kuɗin ya shiga, da irin kuɗin da aka biya ka da shi, duk suna zuwa ne daga baya.

Sannan kaya biyu ne a kanka. Akwai harajin kuɗin shiga, akwai kuma kuɗin kariyar ma'aikata, wato abin da ake yanka daga albashi, kamfani ma ya ƙara nasa, domin fansho, jinya, rauni a bakin aiki, hutun haihuwa da tallafin wanda ya rasa aiki. Dokokinsu daban, hukumominsu daban, yarjejeniyoyin da ke tsakanin ƙasashe a kansu ma daban. Kana iya biyan haraji a wannan ƙasa, kuɗin fanshonka kuma yana tafiya waccan, kuma duk bisa ƙa'ida.

Mataki na farko: san matsayinka da abin da bizarka ta halatta

Ɗauko kwantiraginka ka karanta. Ma'aikaci ne kai mai albashi, ko mai zaman kansa ne da ke aika wa kamfani takardar neman biya? Ma'aikaci, kamfani ne yake yanke masa haraji ya miƙa wa hukuma. Mai zaman kansa, komai a wuyansa yake. Sai dai hukumomi ba sunan da aka rubuta a takarda suke dubawa kawai ba. Idan kamfani ɗaya kake wa aiki, shi ke tsara maka lokaci, shi ke ba ka kayan aiki, suna iya cewa ma'aikaci ne kai ko me kwantiragin ya kira ka.

Bizar yawon buɗe ido a mafi yawan ƙasashe ba ta ba da izinin aiki. Ƙa'idar yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta kwana 90 cikin kwana 180 ma ta shige da fice ce, ba ta ce komai a kan haraji ba. Akwai ƙasashen da suka fito da biza ta musamman ga masu aiki ta intanet: Istoniya da Barbados a 2020, Kuroshiya a 2021, Fotugal a 2022. Barbados da Kuroshiya sun yafe wa masu riƙe da irin wannan izini harajin kuɗin da suke samu daga aikin waje. A Fotugal da Istoniya kuwa, idan zamanka ya yi tsawo za ka zama mai biyan harajinsu kamar kowa. Saboda haka ka karanta sharuɗɗan bizar, ka kuma karanta dokar haraji daban.

Mataki na biyu: ƙirga kwanakinka yadda hukuma za ta ƙirga su

Kowa ya ji labarin kwana 183. Gaskiya ne ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya kai wannan adadi a matsayin mazauninsu ta fuskar haraji, mazauni kuma yawanci ana bin sa harajin duk abin da ya samu a ko'ina a duniya. Amma adadin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Indiya tana amfani da kwana 182, Tailan 180. A Suwizalan kwana 30 sun isa idan kana aiki a cikinsu, kwana 90 idan ba ka aiki.

Shekarar da ake ƙirgawa ma ta bambanta. Ta Birtaniya tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu, ta Ostireliya daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, ta Indiya daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris. Wasu dokokin kuma ba ruwansu da kalanda, kowane wata goma sha biyu a jere suke dubawa. A nan ne lissafi yake ruɗa mutane. A ce ka sauka 1 ga Satumba ka tashi 31 ga Maris. A shekarar farko ka yi kwana 122, a ta biyu 90. Idan shekarar kalanda ake bi, ba ka kai 183 a ko ɗaya ba. Idan kuwa wata goma sha biyu a jere ake bi, kwana 212 ka yi, ka zarce da nisa.

Amurka tana da nata lissafin ga baƙi: duk kwanakin bana, da kashi ɗaya bisa uku na bara, da kashi ɗaya bisa shida na shekarar da ta gabaci bara, muddin ka yi aƙalla kwana 31 a bana. Wanda yake yin kwana 120 kowace shekara, jimlarsa 180 ce, yana ƙasa da layin kwana 183. Ya ƙara kwana biyu kacal a kowace shekara, ya kai 183.

Me ake kira kwana ɗaya? Birtaniya tana duba inda kake da ƙarfe sha biyun dare. A ƙarƙashin yarjejeniyoyin haraji kuwa, akasari ko ɓangaren yini ka yi an ƙirga shi, har da ranar isowa, ranar tashi, ƙarshen mako da ranakun hutu. Buɗe jadawali tun ranar farko: kwanan wata, ƙasar da ka kwana, ko ka yi aiki a ranar. Minti biyu yake ɗauka a mako, kuma shi ne abu na farko da duk wani akanta zai tambaye ka.

Mataki na uku: bincika ko ƙasar da ka baro ta sake ka

Shiga jirgi ba ya yanke alaƙarka da hukumar harajin da ka baro. A Jamus, idan kana da gidan da yake a hannunka, za ka iya shiga duk lokacin da ka so, wannan kaɗai ya isa a ci gaba da ɗaukar ka mazauni. Sifaniya tana duba inda harkokin samunka suka fi karkata, kuma idan matarka ko mijinki da ƙananan yara suna zaune can, ana ɗauka kai ma mazauni ne sai ka kawo hujjar akasin haka. Birtaniya tun 2013 tana haɗa yawan kwanaki da yawan alaƙa: iyali, wurin kwana, aiki, da kwanakin da ka yi a shekarun baya. Mai alaƙa da yawa, kwanaki kaɗan sun isa su riƙe shi.

Idan da gaske ƙaura ka yi, ka sanar a rubuce. A Birtaniya akwai fom P85, a Jamus ana zuwa ofishin rajistar mazauna a cire suna. Ka nemi irin wannan hanya a ƙasar da kake bari, ka ajiye shaidar.

'Yan Amurka da masu riƙe da katin zaman dindindin na can, nasu ya fita daban: Amurka tana bin su haraji duk inda suke zaune. Suna iya neman a cire wani kaso na albashin da suka samu a waje daga lissafi ta fom 2555, wanda iyakarsa a 2024 dala 126,500 ce, idan sun cika sharaɗi, misali cikakkun kwanaki 330 a waje cikin wata goma sha biyu. Amma sai sun cike takardar haraji tukuna, ba a yafewa kai tsaye. Idan kuma jimlar kuɗinsu a bankunan waje ta wuce dala 10,000 a kowane lokaci cikin shekara, akwai rahoton asusun bankin waje, mai suna FBAR, da za su aika.

Wani tunani da nake so a bari shi ne na cewa mai yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, wata biyu nan wata uku can, ba mazaunin ko'ina ba ne. A mafi yawan lokuta ƙasarsa ta asali tana nan riƙe da shi, tunda bai kafa gida a wani wuri da zai nuna mata ba.

Mataki na huɗu: nemo yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu

Idan ƙasashe biyu duk sun ce kai nasu ne, abin da ke raba gardama shi ne yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu. Akwai irinsu sama da 3,000 a duniya, yawancinsu an gina su a kan samfurin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya sa lambobin sassansu suke kama da juna. Hukumomin haraji suna ajiye su a shafukansu na intanet kyauta. Ba sai ka karanta duka ba, sassa uku ne naka.

Sashe na 4 yana fayyace ƙasar da za a ɗauke ka mazauninta idan biyun suna jayayya. Tambayoyi ne a jere, inda aka samu amsa nan ake tsayawa. A ina kake da gidan zama na dindindin? Idan a duka biyun ne, ina rayuwarka ta fi karkata, iyali, sana'a, dukiya? Idan wannan bai raba ba, ina ka fi yawan zama? Sai a duba ƙasar da kake ɗanta. In duk an rasa, hukumomin biyu su zauna su sasanta.

Sashe na 15 shi ne na albashi, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Asalin hukuncin: ƙasar da aka yi aikin a cikinta tana da ikon karɓar haraji. Togaciyar ita ce, ƙasar da kake mazauninta ce kaɗai za ta karɓa idan sharuɗɗa uku suka cika gaba ɗaya. Zamanka a ƙasar da ka je bai wuce kwana 183 ba. Wanda yake biyan ka ba kamfanin ƙasar da ka je ba ne. Kuma albashin ba ya fitowa daga wani reshe ko ofishi da kamfanin yake da shi a can. Ɗaya ya faɗi, togaciyar ta faɗi, kuma harajin yakan koma tun daga ranar farko da ka fara aiki a can, ba daga rana ta 184 ba. Wannan ya fi komai ba mutane mamaki idan takardar hukuma ta iso.

Sashe na 23 yana bayyana yadda ake rage nauyin. Hanya biyu ce. Ko ƙasar da kake mazauninta ta cire wannan kuɗin daga lissafinta, ko ta lissafa harajinta sannan ta zabge abin da ka riga ka biya a can. A ce harajinka a ƙasar da ka yi aikin 20 ne cikin 100, na ƙasar zamanka kuma 30. Za ka biya 20 can, ka cika 10 a nan. Idan kuwa can ne 30 nan 20, ba za ka ƙara komai ba, amma ba wanda zai mayar maka da rarar goman. A taƙaice, a wannan hanyar kana ƙarewa ne da biyan mafi tsada a cikin biyun.

Yarjejeniya ba ta aiki da kanta. Sai ka nema, kuma yawanci za a ce ka kawo takardar shaidar zama mazauni daga hukumar harajin ƙasarka. Idan babu yarjejeniya kwata-kwata tsakanin ƙasashen, kariyar kwana 183 ta sashe na 15 ba ta shafe ka ba, ƙasar da ka je tana iya neman harajinta tun ranar farko. Abin da ya rage shi ne ka duba ko dokar cikin gida ta ƙasarka tana rage wa mutum abin da ya biya a waje. Da yawa suna yi.

Mataki na biyar: zauna da kamfaninka kafin ka sayi tikiti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zamanka a wata ƙasa yana iya ɗora wa kamfani wajibin yin rajista a can, ya riƙa yanke maka haraji yana miƙa wa hukumarsu. Abin da ya fi tsorata kamfanoni shi ne a ce zamanka ya zama kamar reshensu, wanda sashe na 5 na yarjejeniyoyin yake magana a kai, domin daga nan sai a bi su harajin riba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda yake ƙulla ciniki ko sa hannu a kwantiragi da sunan kamfani, da kuma manyan shugabanni. Mai rubuta manhaja ko mai zane da ba ya hulɗa da abokan ciniki, nasa ya fi sauƙi.

Shi ya sa kamfanoni da yawa suke ƙayyade kwanakin da ma'aikaci zai yi a waje. Ba ƙeta ba ce. Ka kai musu bayani a rubuce: ƙasar, ranar tafiya da dawowa, irin bizar, irin aikin da za ka yi. Idan zaman mai tsawo ne, hanyoyin da aka saba bi su ne kamfani ya yi rajista a can, ko ya ɗauke ka ta hannun wani kamfanin da sana'arsa ke nan, riƙe ma'aikata a madadin wasu, ko ka koma mai zaman kansa. Ta ƙarshen tana da daɗin faɗa, amma ka yi lissafi da kyau, domin kason da kamfani yake biya maka na fansho da inshora zai dawo kanka, hutu mai albashi kuma ya tafi.

Ina roƙon mai karatu kada ya ɓoye tafiyarsa. Kwamfutar aiki tana nuna ƙasar da take, kuma idan abu ya ɓaci, wanda ya ɓoye ba shi da bakin neman kamfani ya tsaya masa.

Mataki na shida: gano inda kuɗin kariyarka zai tafi

Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin illarsa ba ta bayyana sai ranar rashin lafiya ko ranar ritaya. Ƙa'idar asali a nan ma ita ce ana biya a ƙasar da ake aikin. Yarjejeniyar haraji ba ta taɓa wannan ba, wata yarjejeniya ce daban za ka nema.

A Tarayyar Turai, haɗe da Norwe, Aisilan, Liktanstain da Suwizalan, doka mai lamba 883 ta 2004 ta ce mutum yana ƙarƙashin tsarin ƙasa ɗaya ne kawai a lokaci guda. Wanda kamfaninsa ya tura shi wata ƙasa na ɗan lokaci, yana iya ci gaba da biya a gida har wata 24, da takardar A1 a hannunsa a matsayin shaida. Wanda yake raba aikinsa tsakanin ƙasashe biyu, idan kashi 25 cikin 100 ko fiye yana yin sa ne a ƙasar da yake zaune, to tsarin ƙasar zamansa ne ya hau kansa, kamfani kuma dole ya biya a can. Wannan ƙa'ida ta matsa wa masu zama a bakin iyaka, waɗanda gidansu yana wannan ƙasa ofis yana waccan. Don haka daga 1 ga Yuli 2023 wasu ƙasashe, ciki har da Jamus, Faransa, Holan, Beljiyam da Suwizalan, suka amince cewa mai aiki daga gida ƙasa da kashi 50 cikin 100 yana iya zama a tsarin ƙasar kamfaninsa. Sharaɗin shi ne ƙasashen biyu duk sun sa hannu, kuma an nema a rubuce.

Amurka tana da irin wannan yarjejeniya da ƙasashe kusan 30, ta farko da Italiya wadda ta fara aiki a 1978. Ma'aikacin da aka tura na ɗan lokaci, yawanci har shekara biyar, yana ci gaba da biya a gida da takardar shaida. Ba'amurke mai zaman kansa da ke ƙasar da babu yarjejeniya kuwa, harajin kariya na kashi 15.3 cikin 100 yana nan a kansa ko da an cire albashinsa daga harajin kuɗin shiga, ƙasar da yake zaune ma tana iya neman nata. Birtaniya kuma, wanda ya tafi yi wa kamfanin Birtaniya aiki a ƙasar da babu yarjejeniya, yakan ci gaba da biyan inshorar ƙasa, wato kuɗin kariyar ma'aikata na Birtaniya, na mako 52 na farko idan ya cika sharuɗɗa.

Amfanin waɗannan yarjejeniyoyi bai tsaya ga hana biya sau biyu ba. Suna ba da damar haɗa shekarun da ka yi a ƙasashe daban-daban don ka cancanci fansho. A Amurka sai da maki 40 na biyan kuɗin kariya, kimanin aikin shekara goma. A Birtaniya shekara 10 ce mafi ƙaranci, cikakken sabon fanshon gwamnati kuma yakan buƙaci 35. Wanda ya yi shekara bakwai nan, takwas can, ba tare da yarjejeniya ba, yana iya tashi ba shi da haƙƙi a ko ɗaya. Ka tambayi hukumar fanshonka ko tana karɓar biya na sa-kai daga waje don cike giɓi, da yawa suna karɓa.

Sai lafiya. Inshorar tafiya ta gaggawa ce, ba ta maye gurbin inshorar mazauni, kuma sau da yawa ba ta biyan raunin da aka ji a bakin aiki. Ka sa kamfanin inshorar ya rubuto maka abin da ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba a ƙasar da za ka.

Mataki na bakwai: rajista, cike takardu, adana shaida

Da ka tabbatar akwai abin da ake bin ka a ƙasar da ka je, ka nemi lambar mai biyan haraji, ka rubuta ranakun ƙarshe na miƙa takardu na ƙasashen biyu. A shekarar ƙaura kusan kullum sai ka cike a wuri biyu, ko da a ɗayan ba za ka biya komai ba. Mai zaman kansa ya riƙa ware wani kaso daga duk kuɗin da ya shigo zuwa asusu na daban, domin ƙasashe da dama suna so a riƙa biya kashi-kashi cikin shekara. Ya kuma bincika ko dole ya yi rajistar harajin kayayyaki da ayyuka.

Ka adana tikitin jirgi, hoton hatimin fasfo, yarjejeniyar haya, takardun albashi, rasidin harajin da ka biya, da farashin canjin kuɗin da ka yi lissafi da shi. Shawarata a riƙe su shekara bakwai. Ka kuma sanar da bankinka sabuwar ƙasar zamanka, domin tun 2017 ƙasashe suka fara musayar bayanan asusun banki kai tsaye a ƙarƙashin tsarin CRS, yanzu sun haura 100, kuma adireshin da banki yake da shi ne yake nuna hukumar da za a aika wa bayaninka.

Idan kana karanta wannan ne bayan ka riga ka shafe shekara ɗaya ko biyu a waje ba ka yi ko ɗaya ba, ka fara da sake gina jadawalin kwanakinka daga fasfo da tikiti. Sannan ka nemi akantan da ya san dokokin ƙasashen biyu, ko akanta biyu da za su yi magana da juna, ka kai musu jadawalin, kwantiragin da takardun albashi. Hukumomi da yawa suna sassauta tara ga wanda ya kai kansa kafin su neme shi. A Amurka, misali, akwai tsarin da mazaunin waje wanda bai yi da gangan ba zai miƙa takardun harajin shekara uku da rahoton asusun banki na shekara shida, ya biya abin da ake bin sa da kuɗin ruwan jinkiri, ba tare da tara ba. Irin wannan ƙofa takan rufe da zarar hukuma ta riga ta buɗe bincike a kanka, don haka tambayar farko da za ka yi wa akantan ita ce ko ƙasashen naka biyu suna da irinta, da kuma wace za a fara miƙa wa.